Goggo Yelwa da Kayan Dubiya

Goggo Yelwa yayar mahaifina ce. A Dutsi take zaune, a gidan da mijinta ya rasu ya bar ta, inda hayaƙin suyar gyaɗa ya mai da katangar tsakar gida baƙa ƙirin. Sana'arta ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, tun zamanin da ba a kawo injin markaɗe garin ba. 'Ya'yan da ta haifa duk sun koma tun suna goye, sai ta ɗauki ɗan ƙaninta marigayi ta riƙe, har mutane suka manta sunansa na yanka, kowa na ce masa Nagoggo. Yanzu magidanci ne, yana acaɓa tsakanin Dutsi da Mashi, shi da matarsa Hussaina ne a gidan tare da ita.

Wanda bai taɓa ganin ana fitar da mai ba zai ɗauka aikin hannu ne. Aikin baya ne da ƙugu. Za a zuba markaɗen gyaɗa a turmi, a riƙa tsiyaya ruwan zafi, mace ta sunkuya tana juyawa da muciya har man ya taso, sannan ta tsugunna ta matse tunkuzar, ta mulmula, ta koma bakin kasko. Tun ina ƙarama nake ganin Goggo idan za ta miƙe sai ta dafa bakin turmi, ta ɗan tsaya a sunkuye kamar mai neman abu a ƙasa, kafin bayan ya yarda ya miƙe. Ban taɓa jin ta ce wash ba. Idan aka tambaye ta jiki, sai ta ce da sauƙi, ta tambayi naka.

Akwai wata ɗabi'a tata da duk garin ya sani. Ba a kawo wa Goggo abin ci ko abin sha ta ajiye shi gefe. Ko goro ne sai ta gutsura a gaban mai shi, ko kunu ne sai ta kurɓa, ko da yanzu ta tashi daga kan tuwo. Mahaifina ya ce abin ya samo asali ne daga wani jegonta a shekarar fari. Wata tsohuwa maƙwabciyarsu, wadda ba ta da komai, ta kawo mata kunun tsamiya a tsagaggiyar ƙwarya. Mutanen gida suka karɓa suka yi godiya, suka ajiye a bayan ƙofa. Tsohuwar ta dawo ɗaukar ƙwaryarta, ta tarar ana juye wa awaki kunun. Har ta mutu ba ta sake taka gidan ba. Daga ranar Goggo ta ɗaukar wa kanta wannan al'ada, kuma saboda ita talakan unguwa bai taɓa jin nauyin shiga wurinta da ɗan abin da yake da shi ba.

Babbar aminiyarta Shatu ce, taubashiyarta, wadda ke sarin gishiri da kanwa daga wajen Kongolam, can bakin iyaka. Tare suka tashi, tare suka tsufa, kuma ba su taɓa gaisawa kamar mutanen kirki ba. Shatu kan tsaya daga zaure ta ce ina mai warin tunkuza, ko an binne ta ba a gaya mata ba. Goggo ta amsa daga ɗaki cewa ta shigo a hankali kada ta zubar musu da haƙora a tsakar gida, kaji na nan. Daga nan sai hira har la'asar.

Ni sunana Ikilima. Na gama jami'a, na gama bautar ƙasa, na dawo Daura gidan iyayena na zauna ba aiki. A farkon shekarar da abin ya faru wasu likitoci masu bincike daga wata jami'a suka zo neman matasan da za su taya su hira da tsofaffi. Abin da suke son sani shi ne yadda tsofaffinmu ke fama da ciwon baya da gwiwa da ƙugu, da abin da suke sha a kai, musamman magunguna masu ƙarfi irin su tiramol, da yadda za a rage musu ciwon ba tare da maganin ya zama wata cutar ba. Lokacin maganar ƙwaya ta cika gari. 'Yan Hisba na kamawa, limamai na huɗuba a kai, amma duk a kan samari ake magana. Babu wanda ya kalli tsohuwa mai carbi ya kawo wannan a ransa.

Kafin mu fara, shugabar aikin, Dakta Zaituna, ta zaunar da mu ta koya mana alamun wanda irin wannan magani ya yi wa yawa. Ta ce jikin tsoho ba ya fitar da magani da wuri, abin da saurayi zai sha ya hau babur yana iya kwantar da tsoho har abada, musamman idan ya haɗu da maganin barci. Ta ce mutum zai yi barcin da ba a iya tashinsa, numfashinsa ya yi nisa da juna, ya riƙa wani irin minshari, baƙin idonsa ya tsuke kamar kan allura. Na saurara kamar yadda ake sauraron darasi.

Goggo tana cikin waɗanda na yi hira da su, domin ta fi kowa cancanta. Ta yi ta dariya tana ce mini Malama mai tambaya. Na tambaye ta ko likita ya taɓa rubuta mata maganin ciwo, ta ce a'a. Na tambaye ta ko tana saye a kemis ko wurin masu talla, ta ce ita tunda take ba ta taɓa ba da kuɗinta ta sayi ƙwayar magani ba, man zafi ne da ruwan ɗumi. Gaskiya ta faɗa. Muka sa ta cikin waɗanda babu abin tsoro a kansu.

Ana saura kwanaki a fara azumi ta zame a bakin murhu, inda mai ya zube, ta faɗi a kan ƙugunta. An kai ta an duba, aka ce ƙashi bai karye ba, amma ta kwanta. Zazzaɓi ya biyo baya, dole ta sha yawancin azumin, abin da ya fi ciwon damunta. Na je duba ta sau da yawa a watan. Kullum nakan same ta a jingine, ta rame, idanunta sun faɗa saboda rashin barci. Hussaina ta ce da rana ba ta nuna komai, amma ba ta iya kwanciya ta kowane gefe.

Abin da ban sani ba shi ne kayan dubiya sun canza. A da idan za a je gaida mara lafiya, fura ce, ko lemo, ko ɗan goro. Yanzu kusan kowace tsohuwa tana da abin da take sha na ciwon jiki, wanda ɗanta direba ko jikanta mai zuwa bakin iyaka ya kawo mata, ba kwali ba suna, a ƙulle a leda ko a haɓar zani. Idan ta zo dubiya ta ga 'yar'uwarta na shan wahala, sai tausayi ya sa ta kwance ta ba ta daga nata. Goggo kuwa ta karɓa da hannu biyu, ta yi bisimilla, ta haɗiye a gaban mai shi. Shi ya sa ba a taɓa ganin magani a ajiye a ɗakinta ba. A cikin azumi masu zuwa dubiya kaɗan ne, sai abin bai nuna ba.

Kashegarin ƙaramar salla na hau mota daga Daura da niyyar yi mata barka da salla. Na isa bayan azahar. An yi ruwa da safe, tsakar gidan duk sawun takalma ne a cikin laka. Hussaina ta tare ni da fara'a, ta ce in yi magana a hankali, yau Allah ya kawo sauƙi. Tun hantsi mata ke shiga suna fita, 'yan yawon salla da 'yan dubiya, har ba wurin zama, amma yanzu Goggo ta samu barcin da rabonta da shi tun kafin azumi. Ta ce in saurara, har minshari take.

Na saurara. Minsharin na zuwa, sai ya yanke, a yi shiru mai tsawo, sannan ya dawo da wani kakari kamar ana jan ruwa a toshasshen bututu. Na ajiye jakata a bakin ƙofa na shiga.

Tana kwance rigingine, ita da ba ta iya kwanciya haka. Bakinta a buɗe, leɓɓanta sun yi duhu. Na kira ta, ba ta motsa ba. Na girgiza kafaɗarta, kanta ya langaɓe gefe. Hannunta sanyi, da danshi. Na haska fitilar wayata na ɗaga fatar idonta, na ga baƙin ya koma ɗan ɗigo. Na tsaya ina kallon ƙirjinta, ina jiran ya ɗaga, ya ƙi ɗagawa. Sai can ya ɗaga.

Na tambayi Hussaina me Goggo ta sha. Ta ce ba komai, sai fura da ɗan dambun nama, da magungunan da mutane suka kawo. Na ce waɗanne mutane. Ta fara lissafo matan unguwa, wannan ta ba ta kore, waccan ja da fari, Inna Shatu ta ba ta biyu, wata kuma ta kawo ƙanana na barci don ta ji an ce ba ta runtsawa. Tana lissafowa muryarta na raguwa, domin tana ganin fuskata.

Na kira Nagoggo, ya ce yana hanyar Mashi da fasinja. Na ce ya sauke shi ya nemo mota. Wata dattijuwa maƙwabciya da ta ji motsi ta shigo, ta ce haba, a bar baiwar Allah ta huta, tashin mara lafiya daga barci ba kyau, idan ta farka da la'asar sai a gani. Ban tsaya yi mata musu ba. Abin da na iya faɗi kawai shi ne, "Inna, ba barci take ba." Na juya Goggo a kan gefenta kamar yadda aka koya mana, na kira Dakta Zaituna. Ta ce kada mu ɗura mata komai, ko madara ko ruwan rubutu, mu yi ta kiranta muna girgiza ta, mu taho Daura yanzu, za ta riga mu isa asibiti.

Nagoggo ya zo da wata tsohuwar mota ta wani abokinsa mai ɗaukar buhuna. Muka shimfiɗa ta a kujerar baya, kanta a cinyata. Hanyar nan na bi ta sau ba adadi, ban taɓa sanin tsawonta ba sai ranar. Gero ya fara tasowa kore shar a gefe da gefe, yara sanye da kayan salla suna ɗaga wa motoci hannu. Ni kuwa tafin hannuna na kan haƙarƙarinta. Duk lokacin da numfashin ya yanke sai in mintsine ta a kunne in kira sunanta na yanka, abin da ban taɓa yi ba a rayuwata. Nagoggo yana gaba, bai waiwayo ba ko sau ɗaya, yana ta maimaita addu'a ɗaya. A wani wuri garken shanu ya tare hanya. Direban ya danna oda, shanun suka ci gaba da tafiyarsu a hankali, ni kuma a lokacin ƙirjinta ya tsaya cik a ƙarƙashin hannuna. Na buga mata dundu a baya, na sake bugawa. Ta ja wani dogon kakari.

A asibiti suka karɓe ta da gudu. Aka sa mata abin numfashi, aka yi mata wata allura mai karya ƙarfin irin wannan magani. Muna tsaye a baranda muka ji ta yi ƙara, ƙarar da ban taɓa ji daga bakinta ba, domin allurar ta kore maganin ta dawo mata da ciwon gaba ɗaya. Nagoggo ya durƙushe ya rufe fuska. Dakta Zaituna ta fito ta ce wannan ƙarar alheri ce, amma ba a tsallake ba tukuna, maganin na iya sake danne ta. Ta ce da an jira la'asar, da sai dai a yi mata wanka.

Ta yi kwanaki a can. Da ta dawo hayyacinta likitar ta zauna a bakin gadonta ta yi mata bayani a hankali, cewa abin da ake ba ta ba maganin ciwon jiki ne kawai ba, shi ne dai abin da ake kama samari da shi. Goggo ta ja mayafi ta rufe fuskarta. Da ta buɗe, ba kanta ta tambaya ba. Cewa ta yi kada a faɗi sunan kowa, duk da kyakkyawar niyya suka kawo, kuma kada maganar ta kai kunnen Hisba a je a tozarta tsofaffi. Masu binciken kuwa daga wannan makon suka ƙara tambaya a hirarsu, ko ana ba mutum magani kyauta idan an zo gaishe shi. Ni na koma na yi wa tsofaffin da na riga na gani wannan tambayar. Amsoshin da na ji sun hana ni cin abinci.

Na tattara kayana na koma Dutsi da zama. Makonnin farko sun yi tsanani, domin jikinta ya riga ya saba da abin ba ta sani ba. Ta yi ta zufa da hamma da ciwon ciki, ƙafafunta ba sa tsayawa wuri ɗaya. Likita ta ba ta magani mai sauƙi da ƙa'idar sha, ta koya wa Hussaina gasa ƙugu da ɗumi, ta nuna mana yadda za mu riƙa motsa mata ƙafar, aka yi mata sanda. Ciwon ya ragu, bai tafi ba.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne sallama. Labari ya bazu cewa Goggo ta yi doguwar suma an kai ta Daura, sai masu dubiya suka ƙaru, kuma kowace da ƙullinta. Na roƙe ta ta bar ni in riƙa tare su a zaure in yi musu bayani. Ta ce a gidanta ba za a binciki haɓar zanin baƙo ba. Na ce to ta riƙa karɓa tana ajiyewa. Ta ce in je in tambayi ubana labarin ƙwaryar kunu.

Ita ta samo mafita da kanta. Ta ce ai ana bin ta azumi, za ta fara ramuwa. Muka tambayi likita, ta yarda, tunda damina ce kuma maganinta ana iya shan sa da asuba da bayan magariba. Daga nan duk wadda ta miƙo ƙulli sai Goggo ta karɓa da hannu biyu, ta sa albarka, ta ce tana ramuwa, sai an sha ruwa. Ba wanda ya ji haushi, kuma ba ƙarya ta yi ba. Baƙuwa na fita nake ɗauke ƙullin in kai wa masu binciken. Amma na san ramuwa tana da iyaka, kuma ban san abin da za mu ce ba idan ta ƙare.

Ba mu kai ga ƙarshenta ba. Shatu ba ta gari tun bayan salla, ta tafi wurin 'yarta a ƙetaren iyaka, abin da ta ji kawai shi ne an kwantar da taubashiyarta a asibiti. Ranar da ta dawo, ko gida ba ta zauna ba ta taho. Ta iso daidai an kira magariba, Goggo na zaune a tabarma da kofin kunu a hannu, ta riga ta kurɓa.

"Ashe ba ki mutu ba," in ji Shatu daga bakin zaure. "Na sayo turaren gawa a banza."

"Ajiye shi, ke za a fara shafa wa," in ji Goggo.

Shatu ta zauna dab da ita, ta kama hannunta tana dubawa, ta ga yadda ta rame, sai ta bar wasan. Ta share ido da gefen mayafi. Sannan ta kwance haɓar zaninta ta fito da ƙwayoyi biyu kore. Ta ce wannan sabo ne, ya fi na da ƙarfi, ita da shi ta iya zaman mota tun daga can, ta hana kanta ta ajiye wa Yelwa.

Ina tsaye a bakin madafa da ludayi a hannu. Hussaina ta kalle ni. Goggo ta miƙa hannu biyu, Shatu ta zuba mata a tafi. Ga kunu a gabanta, ga rana ta faɗi. Na san ba kunya ce kaɗai za ta sa ta sha ba, jikinta ma yana so.

Goggo ta kalli tafin hannunta. Sannan ta kamo hannun Shatu ta mayar mata, ta naɗe mata yatsu a kai.

"Shatu, ba zan sha ba. Shi ya kai ni Daura. Ke ma ki bari."

Shatu ta yi dariya tana jiran ƙarshen wasan. Da ta ga babu, sai fuskarta ta sauya. Ta tambaya a hankali ko ana nufin ita ta so kashe ta. Goggo ta ce ba haka ba ne, ta fara bayani, ni ma na matso na sa baki, amma Shatu ba ta kalle ni ba. Ta ce tun suna 'yan mata Yelwa ta ci ɗanyen wake a hannun mahaukaciya ba ta ƙi ba, yau nata ne guba. Ta ƙulle ƙwayoyinta a haɓar zani, ta dafa bango ta miƙe, ta ce a tashi lafiya. Ko sallar ba ta tsaya yi ba.

Goggo ba ta ƙarasa kunun ba. Ta yi salla a zaune, ta daɗe ba ta shafa addu'a ba.

Tana raye. Ta gama ramuwarta, kuma yanzu duk wadda ta miƙo ƙulli takan gaya mata gaskiya, wasu su karɓa, wasu su daina zuwa. Tana takawa da sanda har bakin kasko ta zauna tana yi wa Hussaina gyara. Ni kuwa har yanzu ba na iya barin ta ta yi barcin rana ban leƙa ba.

Shatu ba ta dawo ba. Goggo ta aika Nagoggo da ƙuli mai yaji irin wanda take so, aka karɓa aka ce an gode. A makon da ya wuce ta ce in kai ta da kaina. Muka tafi a hankali, tana hutawa a kowace inuwa. Surukar Shatu ta fito zaure ta gaishe mu, ta ce mu yi haƙuri, Inna ta ɗan kwanta, kwanan nan barci take sosai da rana. Goggo ta damƙe hannuna har sai da na ji zafi. Ta ce wa yarinyar ta matsa, ta ɗaga sandarta ta tsallake dokin ƙofa, tana kiran mai warin kanwa ta tashi ta ga baƙi. Daga can cikin ɗaki, bayan wani shiru da na ji kamar ba zai ƙare ba, wata murya mai nauyi ta ce wa ya bar wannan tsohuwar ta shigo mata gida.